Kalmomin da Ke Neman Yatsa

Duk wanda ya taɓa jiran wani a Sofoline ya san wannan hirar. Ka kira a waya ka ce, "Kina ina?" A ce maka, "Ina nan." Ka ce, "Nan ina?" A ce, "Nan dai, gindin gada." To gadar Sofoline ba gindi ɗaya gare ta ba. Tun 2007 aka fara aikinta, aka yi shekaru ana jan ƙafa, da aka samu ta miƙe kuwa sai ta raba wurin lungu-lungu. Hanya ta taso daga wajen asibitin Komfo Anokye ta nufi Abuakwa da Sunyani, wata ta gitta ta, kowace kusurwa da mai koko da ƙosai, da yaran mota suna ta kiran Bibiani. Ranar da nake ba da labari na yi kusan rabin awa ina zagaye. Ni ina nan, 'yar ƙanwata tana nan, ba wanda ya yi ƙarya a cikinmu, ba kuma wanda ya ga wani. Sai da ta hau wani dakali daura da katangar kwalejin Prempeh ta ɗaga hannu, sannan "nan" ɗinta ya samu wurin zama.

Littafin da ke cikin jakarta ne ya haɗa mu. Shekara guda ke nan da aka ɗaura mata aure da wani yaron zango da ke Hamburg, irin waɗanda a Ghana ake ce wa boga, sunan da aka yanko daga wutsiyar sunan birnin, saboda yadda 'yan Ghana suka yi masa tsinke a shekarun 1970 da 1980. Tun 2007 dokar Jamus ta ce yawancin masu bin miji ko mata sai sun nuna sun iya ɗan Jamusanci kafin a ba su biza. Matakin farko ne, A1, kuma a cibiyar Goethe da ke Akkara ake zana jarrabawar. Ni na taɓa zama a Jamus na 'yan shekaru, shi ya sa uwarta ta ce in riƙa duba mata karatu.

"Kawu," in ji ta, bayan mun samu benci, "dogayen kalmomin ba su dame ni ba. *Krankenhaus* asibiti ne, yau asibiti ne, gobe ma asibiti ne. Wannan 'yar mitsitsiyar ce ta hana ni barci." Ta ɗora yatsa a kan harafi biyu: *da*. "Malaminmu ya ce *there* ce, na rubuta. Sai ga shi a darasi na gaba mutum ya iso bakin ƙofa yana cewa *Ich bin da*. Yaya mutum zai tsaya a gabanka ya ce maka yana can?"

Na ce, "'Yata, in an yi sallama ana neman babanki, me kike cewa?"

"Yana nan."

"In ya fita fa?"

"Ba ya nan."

"To shi ke nan. *Er ist da. Er ist nicht da.*"

Ta yi shiru, ta sake duban shafin, ta fashe da dariya. "Ashe Hausa suke yi!"

Ba Hausa suke yi ba, amma a wannan lungun na harshe sun fi kusa da mu fiye da yadda suke da Ingilishi, kuma ita ta Ingilishi aka biyo da ita.

Masana nahawunmu suna kiran wannan da wancan nunau. Jamusawa suna ce wa dangin gaba ɗaya *Zeigwörter*, kalmomin nuni, ka ga suna ɗaya ke nan. Wanda ya fi kowa zama a kansu shi ne Karl Bühler, malami a jami'ar Viyana, cikin littafinsa *Sprachtheorie* na 1934. Ya raba kalmomi gida biyu. Akwai masu suna, irin su doki da goro da kasuwa, waɗanda ke tafe da ma'anarsu duk inda suka je, kamar fatake da kayansu. Akwai kuma masu nuni, waɗanda ba su ɗauko komai ba, iyakarsu su ce maka duba. Su waɗannan duk a turke ɗaya aka ɗaure su, turken kuwa kalma uku ne: ni, nan, yanzu. Mai magana ya gusa, turke ya gusa da shi. Abin da ya same mu a gindin gada ke nan, turke biyu aka kafa, kowa yana aunawa daga nasa.

Bühler ya ce nuni iri uku ne. Akwai na ido da ido, yatsa yana miƙe abin yana gabanka. Akwai na cikin zance, inda kalma ke nuna wata kalmar da ta wuce ko wadda ke tafe. Na ukun shi ne nuna abin da babu shi sai a zuci, kuma Bahaushe bai buƙatar a yi masa dogon bayani a kansa. Tsohuwa ta zauna da dare ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Ina take? Ba kowa a tsakar gida sai yara da fitila. Amma yaran suka ce ta zo su ji ta, ta kuwa zo, da Gizo da Ƙoƙi da komai. Shekara huɗu bayan fitar littafin 'yan Nazi suka kama Bühler, ya bar Viyana zuwa Oslo, daga can ya wuce Amurka, inda ya rasu a 1963. Nakan tuna haka duk lokacin da na ji boga yana cewa "nan" a waya.

Ingilishi wuri biyu ya sani, *here* da *there*. Jamusanci uku gare shi, *hier* da *da* da *dort*. Hausa huɗu, sai dai bokonmu biyu kaɗai yake nunawa. Faɗi "zo nan" ka saurari muryarka, za ka ji ta taso sama ta faɗo. Wannan wurin da nake ne. Faɗi "tsaya nan inda kake", za ka ji ta tsaya a sama ba ta sauko ba. Wannan wurin da kai kake ne, ko wurin da muka riga muka ambata. Haka "can" mai faɗowa, abin da muke hange ni da kai, da "can" mai tsayawa sama, wanda ya yi nisa har ido ya gaza. Philip Jaggar da Malami Buba sun yi rubutu a kan wannan a 1994, Buba kuma ya yi digirinsa na uku a Landan a kan nuni a Hausa. Abin da ya shafi 'yar ƙanwata shi ne "nan" na biyu, mai tsayawa sama. Shi ne na "yana nan", kuma shi ne ya fi kama da *da*. Dukansu ba su cika damuwa da tazara ba, abin da suke cewa shi ne akwai, an samu, bai tafi ba. Bajamushe ya ce *Ist noch Reis da?* mu mu ce shinkafa tana nan ko ta ƙare? Ya ce tsohonsa *ist nicht mehr da*, mu mu ce ai yanzu ba ya nan, kowa ya gane ba kasuwa ya tafi ba. Har babbar kalmar nan ta masu falsafa, *Dasein*, da Heidegger ya gina littafi a kanta a 1927, in ka ɓare ta ba ta wuce "kasancewa nan" ba, abin da muke amsa gaisuwa da shi kullum: muna nan. Maƙwabtanmu ma haka suke yi a Twi, harshen da a zango muke kira Tonanci, sai dai su da "can" suke yi: *ɔwɔ hɔ*, *onni hɔ*.

Har a lokaci tafiyarsu ɗaya. Mai labari a Jamusanci yakan ce *Da kam ein Mann*, mu mu ce nan sai ga wani mutum. Wuri ya zama lokaci ba tare da an sanar da kowa ba, kamar yadda muke cewa nan take, daga nan, can da dare, can sai ga shi. Tarko ɗaya ne na gargaɗe ta a kansa: wani lokaci *da* takan buɗe jimla da ma'anar "tunda", alamarta kuwa aikatau ya koma ƙarshe. Da ta ji "tunda" sai ta ce ai ga *da* ɗin nan a wutsiyarsa. Dace ne kawai, ba dangantaka, amma na bar ta da shi tunda ya taimaka mata.

Inda abin ya fi ba ni sha'awa shi ne *hin* da *her*. Duk malamin Jamusanci ya san nan ne masu jin Ingilishi da Faransanci ke tuntuɓe. *Her* motsi ne zuwa wajen mai magana, *hin* motsi ne daga wajensa. Wanda ke cikin ɗaki zai ce *Komm herein*, wanda ke waje tare da kai zai ce *Geh hinein*. Na ƙasa ya ce *herunter*, na sama ya ce *hinunter*. Littafinta ya zana 'yan mutane da kibiyoyi, ta yi kwana biyu tana haddar kibiya. Na karɓi biro na rubuta mata a gefen shafi: shiga, shigo. Fita, fito. Sauka, sauko. Hau, hawo. Kai, kawo. Na ce ta gaya mini bambancinsu. Ta dube ni kamar na tambaye ta sunanta. Wace yarinya ce a zango za ta tsaya a tsakar gida ta ce wa na ɗaki "fita" alhali tana nufin ya zo wajenta? Ai tun kafin ta iya ɗaura ɗankwali ta san "fito" ake cewa. Wannan wasalin "o" da ke ƙarshen aikatau, wanda F. W. Parsons ya sa a rukuni na shida cikin rabonsa na aikatan Hausa, aikinsa ke nan, ya jawo motsi zuwa turken mai magana. Shi ne *her*. Bajamushe ya sa nasa a gaba, mu mun sa namu a baya. Har mun fi su nisa da shi, don muna cewa sayo, ɗebo, kirawo, tambayo, wato je ka yi abin can ka taho da sakamakonsa nan, duk a cikin wasali guda. Abin dariyar shi ne su kansu Jamusawa a bakin titi sun gaji da rarrabewa, sun dunƙule *herein* da *hinein* sun zama *rein*, *heraus* da *hinaus* sun zama *raus*. Mu har yau ba mu gaji ba.

Darasin da ya ci mata kwana biyu bai kai minti biyar ba.

Kada a ɗauka komai haka yake da sauƙi. Duk abin da na faɗa zuwa yanzu nuni ne na ido da ido, inda in kalma ta gaza hannu zai taimaka, ko gira, ko leɓe. Wahalar tana kan takarda. Rubutu ba shi da yatsa, ba shi da murya, marubuci kuma ba ya nan balle ka ce masa "wanne?" Mu ma mun san haka, tunda "nan" biyu da "can" biyu sun zama ɗaya-ɗaya a boko, mai karatu ne ke mayar musu da karin sautinsu daga abin da ya gabata. Jamusanci rubutacce kuwa cike yake da 'yan yatsu masu nuna cikin shafi. Ana ɗaukar *da* a manna mata wata kalma: *damit*, *dafür*, *davon*, *darauf*, *darüber*. Kowace tana cewa "da abin nan", "don abin nan", "a kan abin nan", ba ta kuma faɗin abin. Wani lokaci kalma ɗaya take nufi, wani lokaci jimla, wani lokaci sakin layi sukutum. Mu "haka" ce ke mana wannan aikin: saboda haka, a kan haka, ban da haka. Wanda ya saba karanta jaridar Hausa ya san "hakan" kan haɗiye rabin labari.

Wadda ba mu da ita ita ce mai nuna gaba. Takardun ofisoshin Jamus, waɗanda za su yi ta zuwa mata ta akwatin gidan waya in Allah ya kai ta, suna son jimla irin *Bitte achten Sie darauf, dass* kaza da kaza. Ɗalibi ya ga *darauf* sai ya waiwaya baya yana neman abin da aka nuna, alhali abin bai iso ba tukuna, yana bayan waƙafi. Na ce mata ta ɗauke ta kamar yaron mota da ya ɗora jaka a kujera: mai wurin yana tafe. Na kuma ba ta aikin da nake ganin ya fi kowace haddar jadawali amfani. Ta ɗauki gajeren rubutu, duk inda ta ga kalmar nuni ta zagaye ta da biro, ta ja layi zuwa abin da take nunawa, baya ko gaba. Shafin ya koma kamar gadar Sofoline in an hango ta daga sama, amma ta daina ɓata.

Akwai kuma wata gwaninta tasu da na yaba. Ka ce malami ya gamu da direba da ɗansa. Ɗan wa? Bahaushe in ya ga za a rikice sai ya ƙara da cewa ɗan shi direban. Bajamushe kalma ɗaya zai canza, ya ajiye *seinen Sohn* ya ɗauko *dessen Sohn*, magana ta zauna a kan na ƙarshen ambato. Haka *dieser* da *jener* a rubutu, na farko yana nuna wanda aka ambata yanzu-yanzu, na biyu wanda aka ambata tun farko. Sai dai a nan ina da ƙorafi a kan masu fassara kai tsaye. Ana gaya wa ɗalibi *dieser* wannan, *jener* wancan, ya tafi da murna ya samu biyu da biyu. Wancan namu da ransa, kullum yana kasuwa. *Jener* kuwa ya tsufa, ya koma cikin littattafai. Na zauna a ƙasar ban taɓa jin mai sayen burodi ya furta shi ba. *Das da* ake cewa, a miƙa yatsa.

Inda Hausar zango ba ta yi mata rana ba shi ne jinsi. Jamusanci uku gare shi, kowane nunau kuma sai ya sa rigar jinsin sunan da yake nunawa: *dieser*, *diese*, *dieses*. Bakano aƙalla ya saba da wancan da waccan, ya san kujera mace ce ba don ta haihu ba. Mu a nan, bakinmu ya daɗe da sassauta wannan, yaranmu da yawa "wancan mata" za su ce ba su ji komai ba. A nan dai sai hadda, kuma na gaya mata gaskiya. Na ƙara mata da wani abin da littafin A1 bai faɗa ba. *Der* da *die* sukan tsaya su kaɗai a madadin shi da ita, kuma tsakanin abokai ba laifi. Amma ka nuna mutum yana tsaye ka ce *die da*, ka yi zunɗe ke nan, da baki maimakon leɓe. Yarinyar da ta tashi a Kumasi, inda Tonawa ke cewa ba a nuna gidan uba da hannun hagu, ba ta buƙaci ƙarin bayani ba. Ta san nuni yana da ladabi.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, Hausa da Jamusanci sun san juna tun ba yau ba, kuma a ƙasar nan suka yi wani babban zamansu. Bajamushe J. F. Schön ya buga nahawun Hausa a 1862. Gottlob Adolf Krause ya zauna a Salaga har ana kiransa Malam Musa. A Kete Krachi, lokacin tana hannun Jamus, jami'in mulki Adam Mischlich ya yi shekaru yana ɗaukar karatu wajen Imam Umaru, malamin da aka haifa a Kano a 1858 ya biyo hanyar goro zuwa Salaga, kuma a 1906 Mischlich ya fitar da ƙamusun Hausa da Jamusanci. Ba Ingilishi a tsakanin Mischlich da malaminsa. Imam Umaru ya rasu a 1934, shekarar da littafin Bühler ya fito, shekarar kuma da aka buga ƙamusun Bargery mai nuna karin sauti. Tun 1963 gidan rediyon Deutsche Welle ke magana da Hausa. Duk da haka yarinyar zango da ke son Jamusanci sai an bi da ita ta ƙofar Ingilishi, ƙofar da ta fi duka biyun ƙunci a wannan fannin. Ta shigo aji da wuri huɗu da wasalin "o", a karɓe su a bakin ƙofa, a ba ta *here* da *there*, sannan a yi mamakin yadda *da* ta gagare ta. Ban ga laifin malaminta ba, shi ma haka aka koya masa, kuma ajinsa akwai Batone da Bafrafre da Dagomba, ba zai iya harshen kowa ba. Amma tambaya ba ta buƙatar iya harshe. Ya ce kowa ya faɗi yadda ake kiran na ɗaki ya fito a gidansu, ya rubuta a allo, ya ga abin da zai tashi.

A jarrabawar akwai ɗan saƙo da ake rubutawa, kalma talatin ko kusa da haka. Na ce ta gwada rubuta wa mijinta. Ta fara da *Ich gehe nach Hamburg*, ta tsaya, ta soke *gehe* ta sa *komme*. Na tambaye ta dalili. Ta ce, "Kawu, ai shi nake wa magana. Ba zan ce masa zan tafi ba, sai dai in ce ina nan zuwa." Ba wanda ya koya mata wannan a aji. Ta cire turkenta daga Sofoline ta kafa shi a inda mai karatu yake, abin da duk mai rubuta wasiƙa ke yi. Mijin ma haka yake yi ta ɗaya gefen. Ya shekara tara a can, in yana zancen sanyi ko haya "nan" ɗinsa Hamburg ne, amma ban taɓa jin ya ce zai je Kumasi ba. Kullum cewa yake in Allah ya yarda da babbar Salla zai dawo.

Ga masu koyar da Jamusanci a Kumasi, da masu ɗan'uwa a gida da ke fama da *hin* da *her*, roƙona kaɗan ne: kafin a buɗe shafin kibiyoyi, a rubuta masa "kai" da "kawo" a gefe. 'Yar ƙanwata watan gobe za ta hau motar Akkara daga Asafo. Maki 60 cikin 100 ake nema.